A Bar Mai Jego Ta Cika Arba'in

A kasuwannin ƙasar nan, tun daga Yamai har zuwa Agadas, akwai wani abin mamaki da ido ya saba da shi har ya daina ganinsa. A kan faranti guda na mai tallar magani ana samun ƙwayar nan da ake kira "sha ka fashe", wadda mata ke haɗiya domin su yi ƙiba, a gefenta kuma ga kwalin shayin rage teɓa da ƙwayoyin da aka ce suna narkar da kitse cikin mako biyu. Mai tallar ba ruwansa da wanda aka ɗauka, muddin kuɗi ya shiga aljihu. Daga cikin waɗanda ya fi farauta kuwa har da mai jego, wadda jinin biƙi bai gama ɗauke mata ba, jariri kuma yana maƙale a ƙirjinta. Alhali kwana arba'in na farko bayan haihuwa kwanakin warkewa ne. Duk wanda ya matsa wa mace ta rage jiki a cikinsu, miji ne ko ƙawa ko ɗan kasuwa, to wasa yake yi da rai biyu, kuma hukumar da ta zura ido tana kallo ita ma tana da nata kason na alhaki.

Babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar Timiya, dausayin nan da ke tsakiyar duwatsun Abzin, wajen kilomita 220 arewa maso gabas da Agadas, a cikin gundumar Iferwan. Ƴan kasuwa sun san garin da lemunsa da rummansa da inabinsa da dabinonsa, waɗanda motoci ke saukowa da su zuwa Agadas da Arlit, wasu har Yamai. Mutanen garin Abzinawa ne na Kel Ewey, waɗanda tun kaka da kakanni suka raba aiki gida uku: garka, kiwo da ayari. Da kaka maza kan kama hanyar Fashi da Bilma su ɗauko kantun gishiri da dabino, sa'an nan su gangara Damargu da ƙasar Hausa su musanya da gero, su yi watanni ba su ga gida ba. Awaki kuwa a hannun mata da ƴan mata suke, su ke bin su cikin kwazazzabai, su tatsi nono, su yi cuku. Masanin nan Bajamushe, Gerd Spittler, wanda ya zauna da su lokacin farin 1984 zuwa 1985, ya rubuta littattafai a kan yadda suka fuskanci yunwa da kuma irin wahalar aikin kiwonsu.

Mace a irin wannan wuri ba ta bukatar shayin kwali kafin ta rame. Daka da ɗiban ruwa da hawan dutse bayan awaki sun isa su zuge duk kitsen da goyon ciki ya tara mata. Magabata sun san da haka, shi ya sa al'adar Abzinawa, kamar ta Hausawa da Zabarmawa, ta killace mai jego kwana arba'in, ƴan uwanta mata su ɗauke mata aiki, a ba ta nama da nono da furar gero mai dabino da cuku. Abin fargaba a yau shi ne wannan garkuwa tana ƙara sirancewa. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakatan a 2014, samari da magidanta da yawa na jihar Agadas suka ƙara nisa da gidajensu, kuma idan hannuwa suka yi ƙaranci a gida, mai jego ce ke tashi kafin lokacinta. A ɗaya gefen kuma, motar da ta sauko da lemu ba ta komawa wayam. Abin da ya shiga kasuwar Agadas yau, gobe zai hau dutse, haɗe da tallarsa da ƙaryar da ke rubuce a jikin kwalinsa.

Abin da jiki ke yi da kansa

Kafin a yi gardama a kan rage ƙiba, ya kamata a san lissafin. Macen da jikinta ke daidai kafin ta ɗauki ciki, likitoci suna sa ran ta ƙaru da kilo 11 zuwa 16 a cikin watanni tara. Ranar haihuwa kaɗai wajen kilo 5 zuwa 6 ke sauka, wato nauyin jariri da mabiyiya da ruwan faya da jini. A makon farko ko na biyu, ƙarin kilo 2 zuwa 3 na ruwan da jiki ya tara su ma kan fita ta hanyar fitsari da gumi, ba tare da an sha komai ba. Mahaifa, wadda nauyinta ya kai kusan kilo guda ranar haihuwa, tana tsukewa sannu a hankali har ta koma ƙasa da giram 100 a cikin mako shida. Mako shida kwana 42 ne. Ashe kenan arba'in ɗin kakanni da lissafin asibiti sun haɗu a wuri guda.

Cikin da ake gani ya turo bayan haihuwa, wanda shi ne ke tayar wa mata da yawa hankali, mafi yawansa mahaifar ce da ba ta gama komawa ba, da kuma naman ciki da ya saki saboda miƙewar wata tara. Ɗaure ciki da zane yana iya sa mace ta ji daɗin zama da tashi, amma ba ya narkar da kitse ko giram ɗaya, idan kuma aka tamke shi fiye da kima sai ya danna kayan ciki ƙasa, inda tsokoki ba su gama warkewa ba. Abin da ya rage na ainihin kitse, kilo 3 zuwa 4 ga yawancin mata, ajiya ce da jiki ya yi da gangan domin shayarwa, tamkar rumbun da manomi ya cika kafin bazara.

Nono kuwa ba kyauta yake zuwa ba. Uwar da ke shayar da nono zalla tana fitar da wajen kashi uku cikin huɗu na lita a kowace rana. Ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya da na Hukumar Abinci da Noma sun ƙiyasta a 2004 cewa wannan aiki yana bukatar ƙarin kalori kusan 500 a kullum ga macen da ke da ajiya a jiki, da kusan 675 ga wadda ta shiga jego a rame. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya take shawartar a ba jariri nono zalla har wata shida, amma binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa a Nijar jarirai 23 kacal cikin 100 ke samun haka. Wannan binciken dai ya gano cewa mata 46 cikin 100 masu shekarun haihuwa suna fama da ƙarancin jini, kuma uwa 535 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Matsakaicin adadin haihuwar mace guda ya sauko daga 7.6 a 2012 zuwa 6.2 a 2021, amma ko a haka, mace ƴar Nijar tana shiga jego sau shida a rayuwarta, sau da yawa kafin ta mayar da jinin da ta zubar a na baya. Wadda ke cikin wannan hali ce ake wa tallar maganin hana cin abinci.

Ba kowace cikar jiki ce ƙiba ba

Akwai wani haɗari da ya fi yunwa saurin kisa, shi ne a ɗauki kumburi a matsayin ƙiba. Akwai ciwon zuciya da ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko a watannin farko na jego: naman zuciya ya yi laushi ya kasa tura jini, ruwa ya taru a ƙafafu da ciki da huhu. Mace ta ga zobe ya matse ta, takalmi ya ƙi shiga, ta fara haki idan ta kwanta, tari ya hana ta barci. Masu zuwa barka su ce jego ya karɓe ta, ko kuwa su ce ta yi teɓa ta nemi magani.

Wannan ciwo ya fi yawa a yankin Sahel fiye da kusan ko'ina a duniya, kuma a maƙwabta aka fara bayyana girmansa. A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun wallafa bayanin mata 224 da suka gani da shi a asibitin Zariya, suka ɗora zargi a kan kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. A babban asibitin Yamai, Dakta Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun nuna a 1992 cewa matan da ke da ciwon suna da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyum a jininsu. A 2020 kuma wani babban bincike da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin Najeriya ya samu cewa a wani asibitin Kano ciwon yana kama kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa ɗari. Binciken bai tabbatar da laifin wankan jego da kunun kanwa kamar yadda aka zata a da ba. Abubuwan da ya gano suna tafiya tare da ciwon su ne rashin karatu, rashin sana'a, hawan jinin goyon ciki, da rama. Wannan ta ƙarshe ita ce ya kamata masu tallar rage jiki su ji da kunnen basira. Duk da haka kanwa gishiri ce mai riƙe ruwa a jiki, don haka wadda ke da hawan jini ko kumburi ya wajaba ta nisance ta.

A ɗauka cewa wannan ciwo ya kama wata mata a zangon makiyaya, tafiyar yini daga ƙaramin asibitin Timiya. Idan an kai ta can, ciwon ya fi ƙarfin wurin, sai an ɗauke ta zuwa Agadas a kan hanyar duwatsu da rairayi da ke cinye sa'o'i masu yawa, wadda koramu ke yankewa da damina. A irin wannan nisa, kwana biyun da aka ɓata ana zaton ƙiba ce su ne ratar da ke tsakanin rai da mutuwa. Saboda haka ya kamata kowane gida ya haddace alamomin da ba a jira da su: jinin da ya ƙi tsayawa ko ya dawo da ƙarfi, zazzaɓi da ɗoyin jinin biƙi, matsanancin ciwon kai da dishi-dishin gani, jijjiga, haki a kwance, kumburin fuska da ƙafafu, ko ciwo da kumburi a ƙwauri guda. Kitse ba ya taruwa cikin kwana uku. Nauyin da ya hau da irin wannan sauri ruwa ne.

Abin da ke cikin kwalin

Kasuwar maganin titi ba daga sama ta faɗo ba. Idan ba a manta ba, a watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, farashin maganin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo, talaka ya juya wa kantin magani baya ya koma wajen mai faranti. Shekara guda bayan haka, lokacin annobar sanƙarau ta 1995, aka yi wa dubban ƴan ƙasar nan allurar rigakafi ta jabu. A watan Janairu na 2020 Nijar ta shiga cikin ƙasashen Afirka da suka ƙulla yarjejeniyar Lome ta yaƙi da jabun magunguna. Duk da wannan tarihi, farantin yana nan yana yawo a tasha da ƙofar ma'aikatu.

Shayin rage teɓa, mafi yawansa ganyen filasko ne ko danginsa, wato maganin wanke ciki. Abin da yake fitarwa ruwa ne da gishirin jiki, kitse yana nan inda yake, mai shayarwa kuwa ruwan ne jarinta. Ƙwayoyin sa fitsari irin su Lasix magani ne na gaske a hannun likita, har ma da su ake kula da ciwon zuciyar da aka ambata, amma wadda ta saya da kanta tana ɓoye alamar ciwon ne kawai, tana zubar da sinadarin da ke daidaita bugun zuciya, tana kuma iya rage nononta. Akwai kuma wani sinadarin hana jin yunwa mai suna sibutramin, wanda Turai da Amurka suka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma masu bincike suna ta gano shi a ɓoye cikin shayi da ƙwayoyin da aka rubuta musu "na ganye zalla". Ita kuwa "sha ka fashe", galibi ƙwayar dezametazon ce ko wata mai buɗe ciki. Ta farkon tana kumbura fuska, ta hau da jini da sukari, ta raunana garkuwar jiki.

Wanda ke ganin kwali mai rubutun Turanci ko Faransanci ya isa shaida, sai ya tuna da maganin Mediator a Faransa. An sayar da shi tun 1976, likitoci suna rubuta shi ga masu son rage ƙiba, har aka gano yana lalata ƙofofin zuciya, aka janye shi a Nuwamba 2009 bayan mutuwar ɗaruruwan mutane aƙalla, kuma a Maris 2021 kotun Paris ta samu kamfanin Servier da laifi. Idan ƙasa mai dakunan gwaji da alƙalai da ƴan jarida ta shafe shekara 33 kafin ta farga, ina ga kwalin da ya tsallako iyaka a cikin buhu, ba sunan mai yi, ba ranar lalacewa?

Hanyar da ba ta da haɗari

Wani zai ce ai ƙiba ma cuta ce, kuma ya faɗi gaskiya. A Yamai da Maraɗi da Damagaram da Arlit, matan ƴan kasuwa da ma'aikata da yawa suna fita daga kowane jego da ragowar kilo uku ko huɗu, haihuwa biyar ta mayar da su ashirin, daga nan sai ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa. Macen da ke son ta koma jikinta na da ba ta yi laifi ba, kuma ba a ce ta haƙura ba. Abin da ake cewa shi ne kowane abu da lokacinsa, kuma sauri ya haifi nawa.

A cikin arba'in, aikin mai jego shi ne ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwa duk lokacin da ta ji ƙishi, ta shayar, ta yi barci gwargwadon hali, ta riƙa ɗan takawa a tsakar gida tun kwanakin farko domin kada jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa. Ɗaukar tulu da daka da jan guga su jira, domin su ne ke jawo zazzagowar mahaifa. Wadda aka yi wa aiki aka ciro ɗa tana bukatar haƙuri fiye da haka, sai likita ya duba ɗinkin ya ba da izini. Bayan arba'in, idan an auna ta an ga lalle nauyinta ya wuce kima, sai ta fara ragewa da rabin kilo a mako, wato kilo biyu a wata. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2000 ya nuna cewa mata masu ƙiba da suka rage nauyi da wannan ma'auni, jariransu sun ci gaba da girma daidai da na sauran. Abin da za a rage shi ne sukarin shayi, lemun kwalba, soye-soye da yawan mai a miya. Abin da za a riƙe shi ne gero, wake, nono, ƙwai, nama, hanta, zogale da kayan garka. Yawancin mata suna bukatar wata shida zuwa shekara kafin su koma kusa da yadda suke. Ita kuwa wadda aka auna aka ga ta rame, maganarta ta ƙari ce, kuma ita ce ta fi yawa a karkara.

A nan Timiya tana da abin da za ta koya wa birni. Sinadarin ƙarfen da ke cikin gero da wake da ganye, wanda da shi jiki ke gina jini, ba ya shiga jiki da sauƙi, amma lemu da tumatir suna taimaka masa ya shiga idan an ci su tare da abinci. Shayi kuwa akasin haka yake yi: idan aka sha shi a kan abinci yana iya hana fiye da rabin wannan sinadari shiga. A ƙasar da ake kammala kowane cin abinci da kofi uku na shayi mai kauri, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Babu mai cewa Ba'abzine ya bar shayi, amma mai jego za ta iya jinkirta nata da sa'a ɗaya ko biyu bayan abinci, ta sha lemu a madadinsa. Mai garkar da ya loda dukan amfaninsa a mota ya bar matarsa mai jego da tuwo da shayi, ya sayar da maganin gidansa ne da araha.

Inda alhakin hukuma yake

Ba za a ce gwamnatocin Nijar ba su taɓuka komai ba. A 2005 an mayar da aikin ciro ɗa kyauta, a 2006 aka ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar, ko da yake jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya daɗe yana gurgunta tsarin. Wani shiri na ƙasa baki ɗaya na tsayar da zubar jini bayan haihuwa, da kayan aiki masu araha, ya rage mace-macen wannan matsala a asibitoci da fiye da rabi tsakanin 2015 da 2020, abin da ya jawo hankalin duniya. A watan Agusta na 2024 kuma aka zabtare kuɗin asibitocin gwamnati, aka ce haihuwa ta zama kyauta. Duk waɗannan matakai suna kai mace har bakin ƙofar fita daga ɗakin haihuwa. Daga nan sai idanu su koma kan jariri, shi ake aunawa, shi ake yi wa rigakafi, uwar kuwa ta zama abin hawa da ke kawo shi layi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanadi a duba uwa da jariri sau huɗu: a cikin sa'a 24 na farko, a rana ta uku, tsakanin rana ta 7 da ta 14, da kuma a mako na shida. Ta kuma ba da shawara a 2016 cewa a ƙasashen da ƙarancin jini ya yi yawa, a ci gaba da ba mai jego ƙwayar ƙarin jini na tsawon mako 6 zuwa 12. Kayan wannan aiki su ne sikeli, abin awon hawan jini, abin gwajin jini da kwalbar ƙwayoyi. Ƙasar da ta yi shekaru fiye da hamsin ana haƙo uraniyum a Arlit, a cikin wannan jiha ta Agadas, ba za ta ce waɗannan sun fi ƙarfin baitulmalinta ba.

Don haka abin da ake bukata a bayyane yake. Da farko, ma'aikatar kiwon lafiya ta sa duban nan huɗu cikin abin da ake yi kyauta, ta kuma riƙa ƙirga matan da aka duba bayan haihuwa kamar yadda take ƙirga allurar rigakafi. Na biyu, a wurare irin su Timiya, inda mata ke warwatse a zanguna, ma'aikatan lafiya su riƙa fita suna bin masu jego, da mota da man da aka ware domin haka, domin ba a ce wa wadda ta haihu shekaranjiya ta hau jaki ta yi tafiyar yini. Na uku, jami'an duwan da masu kula da magunguna su ɗauki shayi da ƙwayoyin rage ƙiba da na sa ƙiba a matsayin magani, su gwada su, su ƙwace marasa rajista, a kuma hana gidajen rediyo karɓar kuɗin tallarsu. Na huɗu, alamomin haɗarin da aka lissafa a sama a riƙa maimaita su a rediyon karkara da Tamajak da Hausa, har kowace kaka da kowace ungozoma ta haddace su.

Su ma ƴan kasuwa da shugabannin ma'aikatu ba su fita ba. Dokar ƙwadago ta 2012 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, takwas daga ciki bayan haihuwa, da sa'a guda ta shayarwa a kowace ranar aiki har shekara ɗaya. Shugaban da ke tsuke fuska idan an nemi wannan haƙƙi, doka yake karyawa. Babban dillalin da ke shigo da kwalin da bai san abin da ke ciki ba, ya tambayi kansa ko zai yarda ƴarsa ta sha shi kwana goma bayan ta haihu.

Mafi kusa da kowa kuwa shi ne miji. Mata da yawa ba madubi ke tura su wajen mai faranti ba, habaicin miji ne da tsoron kishiya. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu na shayarwa, ya kuma ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a wuyan uban ɗa. Malaman mazhabar Malikiyya sun kai iyakar jinin biƙi har kwana 60, sun kuma yi wa mai shayarwa rangwamen azumi idan ta ji tsoron cutuwar ɗanta. Addinin da ya sauƙaƙa mata farilla saboda nono, ba zai goyi bayan mijin da ke ƙirga mata loma ba. Likitoci kuma suna shawartar a bar tazarar aƙalla wata 24 kafin wani ciki, wanda shi ne ke ba jiki damar mayar da jini da daidaita nauyi. Makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram sun nuna cewa idan aka zaunar da magidanta aka yi musu bayani, suna ji, kuma matansu suna zuwa asibiti.

Ranar 13 ga Mayu 1991 dubban mata sun fito titunan Yamai suna neman a ba su kujeru a shirin babban taron ƙasa, kuma daga baya ranar ta zama ranar matan Nijar. Kowace shekara ana ɗinka anko, ana jawabai. Ma'aunin gaskiyar waɗannan jawabai shi ne ko akwai wanda ya auna jinin matar da ta haihu a bayan duwatsun Timiya kafin ta cika arba'in. Masu zuwa barka sukan ce Allah ya raya, ya ba uwa lafiyar shayarwa. Rabin farko na wannan addu'a an yi masa kati da sikeli da ranar rigakafi. Lokaci ya yi da hukuma da miji da ɗan kasuwa za su tashi tsaye a kan rabi na biyu.